Muryar da Yaya Rahila Ta Goge

Shekara tara ke nan da muka binne yayata Rahila a Tsibiri. Mutanen Maradi sun san ta da muryarta a rediyo, ni kuwa ƙanwarta na san ta da taurin kai da cinye mini ranakun hutu. Har ta bar duniya ba ta iya tuƙa moto ba, don haka duk ranar da ba ni da aji a lakwal ɗinmu, makarantar unguwar Zariya a nan Maradi, ni ke goya ta zuwa neman labari. Ladan da nake samu ƙullin gyaɗa ne, shi ma sai ta ci rabi.

Tana da wata ɗabi'a da abokan aikinta ke yi wa dariya. Duk wanda ta ɗauki muryarsa, ba ta tashi sai ta mayar da kaset baya ta kunna masa ya ji kansa, sannan ta tambaye shi ko haka yake nufi. Na ga ɗan kokawar da ya cika baki a kan abokin karawarsa, ya saurara, ya ce ai bai ma faɗi komai ba, a ƙara masa kaset. 'Yan siyasa ma tana kunna musu, amma su ba ta goge musu ko da sun yi ta roƙo. Takan ce wanda ya hau mumbari yana neman ƙuri'a ya riga ya ba jama'a maganarsa.

Wata shekara da rani tumatir ya yi tsada a kasuwar Maradi. Kowace tasha ta karanta farashi, ta ɗora wa zafi laifi, ta wuce. Yaya ta ce zafi ba ya zaɓen lambu, sai mu je Jiratawa. Da muka isa muka tarar wasu filaye shar, na kusa da su kuwa sun ƙone. Duk wanda ta miƙa wa rakoda sai ya duƙar da kai ya ci gaba da cirar ciyawa. Sai wata dattijuwa da mijinta ya rasu, wadda zan kira Inna kawai, ta yar da fartanya.

"Ni za ni hwaɗi! Mai makullin ruwan ga, surukainai yaka buɗe ma tun da sahe, mu sai rana ta take. Ku ɗauka, duniya ta ji!"

Ta ambaci sunansa har sau uku. Raina ya yi fari, na ce yau dai wahalar moto ta biya. Sai Yaya ta mayar da kaset baya kamar kullum. Inna ta saurari kanta tiryan-tiryan, fushin ya sauka, ta zauna a bakin kwalbati.

"Ɗiyata, garin ga kowa ya san muryata. In ya ji, baɗi ba ni da hili. Da shi nika ci da marayu huɗu."

Yaya ba ta lallashe ta ba. A gabanta ta sake naɗar iska da kukan kaji a kan maganar, ta kunna mata ta ji babu sauran komai. A hanyar dawowa na yi ta masifa har muka shigo Sabon Gari, ita kuwa tana bayana tana ɓare gyaɗata.

Kwana shida bayan nan muna sammako zuwa Jiratawa, da yake hutu ne. Takan zauna a gefen magudana da littafi da bik, ta rubuta ƙofar da aka buɗe, da ƙarfe nawa, da filin da ruwan ya shiga. A rana ta bakwai ta karanta abin da ta gani da muryarta, ba ta jingina shi ga kowa ba. Ashe ɗaya daga cikin surukan nan babban ɗan kasuwa ne mai yawan talla a tashar. Daraktan tashar ya kira ta buro, wato ofishinsa, ya ce ya san wani ne ya tsegunta mata, ta kawo sunansa ko ta bar ɗakin labarai. Ta ce idonta ne ya faɗa mata. Shekara biyu ta yi tana karanta sanarwar aure da suna da ɓatan akuya. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, na sha ganin ta kashe rediyo idan lokacin labarai ya yi. Amma kafin rani ya zagayo, masu lambu sun zauna sun rubuta rabon ruwa a allo, kowa da ranarsa.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Mace ta yi maganar fushi a gidan biki, wani ya naɗa a waya, kafin la'asar an ji ta har Tsibiri, wata tashar ma ta saka a shirinta ta ce ra'ayin jama'a ne. Ɗan kasuwa ya biya a yabi shinkafarsa, a kira shi rahoton kasuwa. Na san za ta yi tsaki. Na kuma san za ta so wayar nan, don Yaya ba ta ƙin sabon abu, za ta dai dame ni in koya mata. Akwai 'yan mata biyu da suka koyi aiki a hannunta, yanzu su ke gabatar da labarai. Kwanan baya na ga ɗayarsu a kasuwa ta ɗora wa wani mai albasa waya a kunne yana sauraren kansa, sai na juya baya don kada ta ga ina share ido.

Yaya ba ta bar lambar yabo ba, kuma kaset ɗinta duk sun lalace. Mafi girman aikinta ma babu wanda ya taɓa jin sa sai mu uku, biyu sun riga ni tafiya. Ina alfahari da ita, kuma na yi nadamar masifar da na yi mata a kan moto.

Makon jiya, bayan an tashi daga coci, na ja moto zuwa Jiratawa. Na gane filin ba tare da tambaya ba. Zogale ne a ciki yanzu, ruwa na gudu a kunyoyi, babbar 'yar Inna tana tsinka a kwando. Mai makullin ya daɗe da rasuwa, amma 'ya'yansa na nan, filinsu na jikin nata, har suna aron fartanyar juna. Na tambaye ta ko ta taɓa jin wata Rahila ta rediyo. Ta yi ɗan tunani.

"Mai sanarwar ɓatan awaki? Na ji ta muna yara. Hajiya, kin san innarmu ne?"

Maganar ta zo mini har bakin leɓe. Na dubi filin maƙwabtanta, na dube ta.

"A'a," na ce, "zogale na zo saye."