Inda Na'ura Ta Tsaya

Kafin masunta su tura kwalekwalensu, Inna Yalwa ta riga ta shiga yumɓu har idon sawu, tana cuɗa shi da ƙaiƙayin shinkafa. Aikinta ke nan a wani ɗakin ginin tukwane na Gaya ta bakin kogi, inda na'ura ke matso yumɓu siriri, layi bisa layi, har tukunyar tace ruwa ta tashi. In an toya, ƙaiƙayin ya ƙone ya bar ƙananan ƙofofi, ruwa ya wuce, dauɗa ta tsaya.

Ba ƙaunar na'urar take yi ba. Maginiya ce 'yar maginiya, kuma "kishiyar hannu" take kiranta. Habibu mai kula da na'urar yana ce mata, "Inna, ko taɓa ta ki yi mana." Sai ta ce ita da abin da ba ya gumi sai gaisuwa.

Shekarar da aka rufe gadar kan iyaka, wutar lantarki ta zama baƙuwa. Kogi kuma ya cika ya gurɓata rijiyoyin wani ƙauye na gaɓa, yara suka kama gudawa. Wata mata, Rabi, ta zo asibiti da ɗiyarta Nuriya a goye, idanun yarinyar sun faɗa. Likita ya ba ta magani, amma ya ce in ta koma ga ruwan nan, aikin banza ne.

Tukwanen da za a kai ƙauyen na bisa gini, an kai rabi, wuta ta ɗauke.

Habibu ya dafe kai. "Inna, in gindin ya bushe kafin a ɗora baki, tsagewa za su yi a wuta."

"Na sani, ɗana. Tun ran gini ran zane. Buɗe min cikin abin nan."

Ta kwashe yumɓun daga bututun na'urar, ta mulmula shi a cinya, ta jiƙa tsumma, ta ɗora daga inda na'ura ta tsaya. Rana na ƙara zafi, bakin tukwanen na fari-fari, ita kuma tana ta ɗorawa. Ba ta tashi ba sai da ta rufe ta ƙarshe.

Ranar da aka fito da su daga wuta, Inna Yalwa ce ta fara matsowa. Ta ƙwanƙwasa ta farko da yatsa, ta kasa kunne. Tukunyar ta amsa garau.

Inna Yalwa, ke ce kika haɗiye girman kanki saboda ɗiyar da ba taki ba. Yau gwiwa ta sa kin ajiye aiki, raina ba daɗi. Mun gode, Allah ya saka. Matasa, ku je ku koya tun tana iya nunawa.

Ɗaya daga cikin tukwanen na nan a gidan Rabi, ƙasanta layin na'ura, samanta sawun yatsu. Nuriya ce ke ɗebo wa baƙi ruwa daga cikinta.