Gawar da Baffa Ya Raka a Martinik

Duk lokacin da na ji ƙaurin kwali yana ci da wuta, akushin Kaka nake tunawa, da makon da aka daina sa hannu biyu a cikinsa.

Baffana malamin lakol ne, wato makarantar boko, a Madarumfa, shi ya sa ake kiransa Mushe, kamar yadda ake kiran malaman boko. A cikin shekarun casa'in aka tura shi horon koyar da Faransanci a wani tsibiri, Martinik. Ya dawo ruwan tabki ya ja baya, masu lambu suna ta kwasar tumatir. Tsarabarsa kaɗan ce, amma akwai hoto. Ga Baffa nan cikin farar babbar riga, ransa a ɓace, a tsakiyar dubban mutane sanye da baƙi da fari, suna bin wani ƙaton mutum-mutumi.

Kaka, wanda shi ne ladanin unguwarmu, ya daɗe yana duban hoton. Bai yi faɗa ba. Da aka kawo tuwo da miyar kifi, sai ya ce a zuba wa Mushe nasa daban. Ka san a gidanmu tun Baffa yana yaye suke ci tare. Kwanon da aka ware masa yakan koma madafa kusan yadda ya fito.

Ranar da abin ya ishi Baffa, ya durƙusa gaban Kaka a zaure bayan la'asar, mu jikoki muna jin komai.

“Baba, ba gunki na bi ba. Gawa na raka.”

Ya ce ya fito daga masauki ya tarar gari ya cika da kuka, mata suna ɗora hannu a ka, ganguna suna tashi. Ya tambayi wata tsohuwa wa ya rasu, ta ce sarkinsu. Duk Faransancinsa da littattafansa ba su gaya masa cewa makokin wasa ne ba, na ranar rufe bikin shekara. Abin da ya tuna kawai shi ne gidan da ya fito, inda ba a barin gawa ta wuce ana tsaye. Ya yi wa tsohuwar gaisuwa, ya shiga sahu. Ya ɗan yi mamakin yadda masu makoki ke karkaɗa ƙugu, amma ya ce kowace ƙasa da irin haƙurinta. Sai a bakin teku, da aka cinna wa sarkin wuta, ya ji ƙaurin kwali, ya gane mutum-mutumin nan ne sarkin.

“Tsohuwar ta yi maka dariya?” in ji Kaka.

“Da farko. Da ta ji daga inda na zo, sai ta riƙe hannuna ta ce kakanninta ma daga wajenmu aka kwaso su. Ba ta sake ni ba har aka watse.”

Kaka ya ja carbinsa.

“Su da aka kwashe, ai ba wanda ya raka su,” ya ce. Sannan ya ɗaga murya wajen cikin gida: “A mayar da tuwon Mushe akushina. Mai ilimin da ya yi wa kwali ta'aziyya yana bukatar a sa masa ido.”

Yanzu 'ya'yana suna kallon bikin a waya, sun fi ni sanin kansa, ba mai ruɗa su. Amma kwanan baya an wuce da makara ta ƙofar gidanmu, sai da na taɓa kafaɗar babban kafin ya miƙe.