Na Sayi Hannun Jari da Kuɗin Takin Gandunmu

A lokacin da abin ya faru ina koyar da kimiyya a wata sakandare kusa da Dawakin Tofa, kuma ni kaɗai ne na yi boko mai zurfi a gidanmu, saboda haka kaina ya kumbura ba kaɗan ba. Bayan kaka, in an sayar da gyaɗa da wake, Baba yakan ware kuɗin takin zamani na gandu ya ba ni in ajiye a banki har damina. A shekarar ne na kamu da son kamfanonin ƙetare masu yin ƙwaƙwalwar kwamfuta, 'yar mitsitsiyar abar nan da ke cikin kowace waya. Har yau aikinsu yana burge ni, domin da yashi suke farawa su ƙare da abin da duniya ke layi a kansa. Na yi makonni ina kwatanta guda biyu: ɗaya shi ke zana ƙwaƙwalwar, ɗayan shi ke da masana'antar ƙera ta. Da na kasa zaɓe, sai na raba kuɗin takin gida biyu na sayi hannun jarinsu ta waya, ban shawarci kowa ba.

Da farashi ya ɗan ɗaga, baki ya kasa riƙe magana. Na sami Baba a ƙofar gida yana gyaran mangalar jaki, na zayyana masa komai ina jiran yabo. Mutumin da bai taɓa riƙe babbar waya ba ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko su biyun abu ɗaya suke ci da shi. Na ce ƙwarai. Ya ce to ai ban raba komai ba, gero da maiwa na shuka, in ruwa ya ɗauke tare za su kwanta. Shi ya sa shi yake sa wake da gyaɗa a tsakanin kunya. Ya kuma tambaya ko mutanen can sun san ranar da za mu yi noman firi, wato noman farko da ake zuba taki. Na yi dariya, na ce Baba ai wannan harkar ilimi ce. Wallahi duk sanda na tuna dariyar nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, su kuwa kamfanonin nawa suka faɗi tare kamar sun haɗa baki. Gero ba ya jiran kasuwa. Dole na sayar a kan asara, abin da ya rage bai isa takin rabin gandu ba. Na je na durƙusa gaban Baba, ina jiran ya tara ƙannena ya yi min tatas. Cewa kawai ya yi in tashi in bi shi. Sai a ranar na lura da tarin takin gida a gefen gonar. Ashe tun ranar da na yi masa dariya yake kwasar kashin awaki da toka a jaki, shi da ciwon gwiwarsa, ni kuwa ina can ido a kan waya. Da ƙannena suka tambayi buhunan taki, ya ce musu bana da na gida za a yi. Bai yi ƙarya ba, bai kuma ambaci sunana ba.

Hatsin shekarar bai cika rumbu ba, amma ya kai mu. Hannun jarin kuwa, bayan na sayar suka tashi har suka wuce inda na saya. Hasashena a kan kamfanonin daidai ne, kuɗin ne ba nawa ba, kuma suna da ranar aiki.

Masu karatu, ban ce kada ku sayi hannun jari ba, ni ma yanzu ina saye da ɗan rarar albashina. Amma kada ku taɓa kuɗin da ake jira, kuma kada ku raina tambayar dattijo don bai iya turanci ba. Ni na kwatanta kamfanoni biyu na makonni, shi ya gane su a zama ɗaya. Baba ya rasu bara, ƙannena har yau suna yabon dabararsa ta takin gida, ni kaɗai na san abin da gwiwoyinsa suka biya.