Ranar Da Mudasiru Ya Kori Baƙin Kafil

Taubashina Mudasiru tun yana goye yake korar dabbobi daga gona. A Rano, biri in ya ji tarinsa har masarar da ya sata bara yake mayarwa. Da ya zo Doha, shekara uku ya yi yana gadin wani kanti a Al Aziziya, ba abin kora sai ƙuda, har ya fara ramewa.

Ana nan sai kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, wani dattijo mai fili a gefen gandun dabbobin gwamnati, ya kai shi can. Fili ne fetal, sai 'yan itatuwan ƙaya da kwamin ruwa. Dattijo ya ce, "Ka tsare mini nan." Ya tafi.

Mudasiru ya ga shinge da ƙatuwar kafa, bareyi na shigowa suna shan ruwa kamar na ubansu. Ransa ya yi fari, aiki ya samu! Ya naɗe wando, ya bi su da ihu, ya toshe kafar da waya.

Washegari da hantsi dattijo ya dawo. Bareyi sun yi cirko-cirko a waje cikin rana. Wata uwa tana dukan waya da kai, ɗanta kuwa yana ciki kwance, harshe a waje.

"Ya Mudasiru! Wa ya rufe hanyar nan?"

"Ni ne, Baba. Ko ɗaya ba ta sake shiga ba," in ji shi, yana gyara hula.

"Don su na bar filin! Su na ce ka tsare! In ɗan nan ya mutu, khalas, shi ke nan, sai Kano. Yalla!"

Mudasiru ya ce da hannu ya tsinke wayar, ni na ce da haƙori ne. Ya jiƙa hularsa a kwami yana matsa wa ɗan a baki, yana lallashi: "Tashi, ɗan albarka, kar ka mayar da ni Rano." Uwar ta shigo ta shinshina ɗanta. Ɗan ya miƙe yana tangaɗi, ya kama nono. Dattijo ya yi dariya har rawaninsa ya zame.

Yau shekara biyar ke nan. Yanzu masu manyan motoci yake kora in sun zo tattake ciyawa. Bareyin kuwa duk ya raɗa musu suna. Wadda ta fi kowa haɗama, mugun ya sa mata sunana, Zalihatu.