Hanyar Rijiyar Anza a Cikin Salula

Duk wanda salularsa ta taɓa mutuwa a kasuwar Tanut ya san rumfar Haris. Tana bayan masu igiya da guga, cike da matattun wayoyi da ƙaurin dalma. Shi kansa siriri ne, matsoraci tun yana yaro, ko akuya ce ta yi atishawa a bayansa sai ya waiwaya. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram har ya kusa gamawa, mahaifinsa ya rasu, ya dawo gida ya kama gyaran waya. Amma zuciyarsa ba a nan take ba. Akwai wata tsohuwar kwamfuta da yake ajiyewa ƙarƙashin tebur, in kasuwa ta yi sanyi sai ya jawo ta yana haɗa wasan yaƙi, irin wanda samari suke bugawa a waya. Haushinsa ɗaya ne: duk wasannin da yake zuba wa mutane yaƙin wasu ne a garuruwan wasu. Ya rantse sai ya yi na ƙasarsu, Damargu.

Labarin kuwa yana da shi a gida. Kakarsa ta wajen uwa, Yagana, tana zaune a Rijiyar Anza, wani ƙauye a gefen kwarin Tarka, ita kuma ta ji daga bakin tata kakar. A shekarar da mahara a kan raƙuma da sojan Nasara suke kai-kawo a ƙasar, kowa ya zo sai ya kwashi gero ya kora dabbobi. Wata safiya aka ga ƙura daga arewa, mutanen garin suka tashi kaf, da yara da shanu da tukwane, suka shige wani kwari a bayan duwatsu. Mahara suka iso suka tarar da kango, suka yi ta zagaye, ba su ga ko ɗan tsako ba.

A Rijiyar Anza ba a faɗin hanyar kwarin nan da baki. Da ƙafa ake nuna ta, kuma sai ga jinin gari. Ko matar da aka auro daga wani wuri, sai ta haihu a nan ake kai ta. Haris jika ne, saboda haka da ya matsa, tsohuwa ta hau jakinta ta ce, “Biyo ni, maigidan banza, ka ga inda kakanninka suka fi ka wayo.” Suka bi bayan rijiya, suka karya a wajen wasu aduwoyi biyu, suka shiga busasshiyar ƙorama, har zuwa wata tsaga a dutse wadda in ba ka zo dab da ita ba sai ka rantse bango ne. A ciki ga fili, ga inuwa, ga tafki mai riƙe ruwa har rani. Haris yana ta ɗaukar hoto da waya. Yagana ba ta ce masa kada ya nuna wa kowa ba, don a garinsu ba a taɓa samun wanda sai an gaya masa haka ba. A ganinta ma abin da ke cikin wayar mutum yana nan cikin aljihunsa ne, kamar goro.

Da ya koma Tanut ya fara aiki, sai waya ta nuna masa iyakarta. Mutanensa ba masu manyan wayoyi ba ne, ƙanana ne masu araha, rabinsu da fasasshen gilashi. Ya zana gidajen ƙauyen duka, da rumbuna da shinge, ya gwada a wayar wani mai shayi, ta yi zafi kamar dutsen guga ta tsaya cak. Ya rage gidaje. Ya rage mata da yara har garin ya koma kamar zangon mutum ɗaya. Maharan da aka ce ƙurarsu ta rufe rana suka koma ’yan tsiraru, duk fuskarsu iri ɗaya, raƙumansu suna tafiya kamar masu ciwon baya. Hayaƙin gobara ma sai da ya cire shi. Duk abin da ya yanke, sai ya ji kamar ya yi wa kakarsa ƙarya, abin yana cin sa ƙwarai.

Ya kai mata ta gani. Ta kanne ido ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Wannan ne yaƙin? Yo ai ko rigimar bakin rijiya ta fi wannan jama’a.”

Maganar ta zauna masa. Sai ya lura da wani abu: mutane da dabbobi su ne suke cinye ƙarfin waya, amma yashi da dutse ba sa yi mata nauyi. Ya ce to, tunda an hana shi gaskiyar mutane, zai yi gaskiyar ƙasa. Ya zauna da hotunansa ya gina hanyar nan daki-daki, aduwoyin biyu a inda suke, ƙoramar da karkatarta, tsagar dutsen da tudun da yake kare ta. Mai wasa zai kora garke daga bakin rijiya ya kai shi kwarin kafin mahara su cim masa. A shafin farko kuma, don alfahari, ya rubuta sunan garin da manyan baƙaƙe.

Wasan ya karɓu fiye da zatonsa. Ba ya bukatar rezo, wato sabis na waya, daga waya zuwa waya ake tura shi, a tasha, a mahauta, a bayan mota. Kafin lokacin girbi ya zo, yaran Falanko suna bugawa, direbobin Belbeji suna gardama a kan wanda ya fi saurin kai shanu. Haris ya fara tafiya yana ɗaga kafaɗa.

Wata ranar kasuwa da hantsi wani mutum ya zo rumfar da rawani har hanci, ya miƙo waya a canja mata gilashi. Haris bai san shi ba. Da aka gama mutumin ya kunna, ya buɗe wasan, ya juyo da shi.

“An ce kai ka yi wannan.”

“Ni ne.”

“Dutsen nan na san shi. Na sha wucewa ta gabansa.” Ya sa yatsa a kan tsagar. “Ashe akwai ƙofa a nan? Da ruwa a ciki?”

Haris ya buɗe baki ya ce wasa ne kawai, muryar ta fito siririya. Mutumin ya yi ’yar dariya, ya sa wayar a aljihu, ya hau moto, wato babur, ya tafi. Wataƙila makiyayi ne mai neman mashaya, wataƙila kuma ba shi ba ne. A ’yan shekarun nan ba wanda bai ji labarin ɓarayin shanu masu zuwa a kan moto da bindiga ba. Haris yana tsaye sai wani abu ya faɗo masa a rai: ranar da suka shiga kwarin da Yagana ya ga kashin shanu ɗanye, ya ga tokar murhu da ba ta daɗe ba. Ya gani da idonsa, ya ma kauce musu wajen ɗaukar hoto don kada su ɓata masa tarihi. Ashe wurin ba na mutanen da ba ne kaɗai, har yau can ake gudu. 

Bai ko rufe rumfa da kyau ba ya ari moto ya kama hanya. Duk ƙurar da ya hango daga nesa sai gabansa ya faɗi, duk wanda ya wuce shi sai ya ga kamar mai rawanin ne. Ya isa bayan azahar, ya tarar da kawunsa Ila, ƙanen mahaifiyarsa, yana gyaran shingen garke. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya kasa haɗa magana, sai kawai ya kunna wasan ya miƙa masa.

Kawu Ila bai iya bugawa ba, Haris ne ya riƙa kora shanun yana kallo. Da suka karya a wajen aduwoyin, Kawu ya daina motsi. Da suka shiga ƙoramar, ya sauke gatarin hannunsa a hankali. Da tsagar ta bayyana, ya ce, “Innalillahi.” Bai ɗaga murya ba, kuma Haris ya so a ce ya ɗaga, ko ya mare shi ma.

“Wa da wa suka ga wannan?”

“Kawu, ban sani ba.”

“Ba ka sani ba yaya? Ba kai ka ba su ba?”

“Su ma suna ba wasu. Ya kai Tenhiya, ya kai Belbeji. Amma zan yi sabo, wallahi, in karkatar da hanyar, in cire sunan gari. Duk wanda ya kawo waya in canja mishi.”

“Na hannun mutane fa? Ana kiran shi ya dawo?”

Haris ya sunkuyar da kai. Yagana tana bakin ƙofa tana jin su, ta ja mayafi ta rufe bakinta.

Kawu ya ce ya taso. Suka bi hanyar da ƙafa, shi a gaba Haris a baya, rana tana dukansu amma Haris sanyi yake ji. A cikin ƙoramar, inda yashi yake da laushi, Kawu ya tsaya. Sawun tayar moto ne, sabo, iska ba ta taɓa shi ba. Ya bi ƙoramar tiryan-tiryan ba tare da laluben hanya ba, ya shiga tsagar, ya fito, ya yi arewa. A Rijiyar Anza ba mai kai moto wurin nan.

Kawu Ila ya tsuguna ya daɗe yana kallon sawun. Daga nan ana jin kukan maruƙa daga gari, da muryar wata yarinya tana kiran ƙanenta. Ya ɗago ya dubi ɗan ’yar’uwarsa, ba fushi a fuskarsa, tambaya yake yi da gaske kamar mai fatan a ba shi amsa.

“To Haris, in sun zo, ina za mu kai yaran?”