Labarin da Na Ɗauke wa Rahila

Mu ba mu da murhu. Hita ce ta ɗumama ɗaki mai sanduna biyu a falon council flat ɗinmu, gidan hayar gwamnati a unguwar Barking ta ƙasar Turawa, ɗaya sandar ma ta mutu. Nan Inna, kakata ta wajen uwa, take jan kujera bayan Magariba, ta rufe ƙafafunta da bargo, ta tara mu, ni da ƙannena mata biyu. Bizar wata shida ake ba ta, kuma kullum a lokacin sanyi take zuwa. Ba ta fita ko'ina. Ta ce garin da rana take faɗuwa kafin yara su cire kayan makaranta ba na yawo ba ne.

Abin da yake ba ni haushi da tatsuniyarta, ba ta farawa kai tsaye. Sai ta lissafa masu ita. "Wannan ta Goggo Dije ce, ita kuma a bakin matar wanta ta ji. Tsakiyar tawa ce. Na tambaye ta kafin in sauya, ta ce in je in yi."

"Inna, don Allah ki fara! Wa ya san wata Goggo Dije?"

"Ke ce ba ki san ta ba, uwar gaggawa. Zauna."

Wadda ta fi zama mini a rai ta wasu maƙwabta ce masu saƙar faifai. Ɗaya ta ƙirƙiro zanen da ba a taɓa gani ba, ta nuna wa ɗayar rabinsa ta kan katanga, sai zazzaɓi ya kwantar da ita. Maƙwabciyar hannunta ya fi sauri. Kafin ranar kasuwa ta saƙa nata ta kai, aka yi ta yabo. Da mai zanen ta warke ta ƙarasa nata, sai aka ce ai kwaikwayo ta yi. Ta naɗe kabarta ta ajiye, ba ta ƙara saƙa ba.

"Shi ke nan?" na ce. "Ba kurar da ta cinye ɓarauniyar?"

"Kura kuma? Lafiyarta ƙalau. Har ta tsufa tana saƙa zanen nan guda ɗaya."

"That's boring," in ji autarmu. Inna ta ce a fassara mata. Da aka fassara, ta ce mu tashi mu yi alwala.

A Zariya Inna ta rasu, ina ajin ƙarshe a sakandare. Bayan na gama na shiga wani group na masu rubuta fan fiction, wato mu ɗauki mutanen wani shiri mai dogon zango da muke kallo, mu ƙirƙira musu abin da masu shirin ba su yi ba. Dukkanmu aro muke yi, amma akwai ƙa'ida: idan tunanin wata ya burge ki, ki tura mata saƙo ki tambaya. In ta yarda, ki sa sunanta a sama. Na san wannan sarai.

A nan na haɗu da Rahila, 'yar Jos da take zaune a unguwar Croydon. Ita take fara karanta duk abin da na rubuta. Wata Asabar a cikin tram, jirgin ƙasa na cikin gari, ta faɗa mini nata tunanin: uwar da ta mutu a shirin ta bar wasiƙu, 'yarta tana tsintarsu ɗaya bayan ɗaya. Ta saka babi uku a group, ta tsaya. Mamarta ce ta rasu a can gida, takardunta kuma suna ofishin shige da fice, ba ta samu zuwa jana'iza ba.

Wata biyar shiru. Ni ba na iya jira, ban taɓa iyawa ba. Na zauna na rubuta nawa cikin sati biyu, na mai da uwar uba, na ce wa kaina ai ya zama nawa. Ban tambaya ba, ban sa suna ba. Yabo ya yi ta zuba. Ranar da Rahila ta samu ƙarfin saka babi na huɗu, wata ta rubuta a ƙasa: "Haba, wannan ai na Safiya ne kika kwafa." Ina cikin jirgin District line na gani. Na jefa wayar a jaka. Kwana uku ban ce uffan ba, a na huɗu ta goge labarinta gaba ɗaya.

Sai a lokacin na sa sunanta a saman nawa, na kira ta.

"Safiya, cire sunana."

"Haba ƙawata, ai naki ne, na faɗa wa kowa."

"Nawa bai ƙare ba. Wasiƙar ƙarshe ta mamata ce, har yanzu ban iya rubuta ta ba. Ke kin rubuta a sati biyu. Well done. Cire."

Da ina yarinya na ɗauka Inna ladabin tsofaffi kawai take yi wa matattu. Yanzu na gane tambayar ba don suna ake yin ta ba. Ana yi ne don mai abu ta samu damar cewa a'a, ko ta ce dakata, ban gama kuka ba. Wannan damar na ƙwace, kuma ba a mayar da ita da layi ɗaya a saman shafi.

Rahila ba ta ƙara rubutu ba. Ba ta yi blocking ɗina ba, ba ta zage ni a group ba. Abu ɗaya ta roƙe ni, kuma shi kaɗai ya rage da zan iya yi mata. Na cire sunan.