Gaurakar da Muka Yi wa Bikin Sallama

Har gobe ba zan manta da ranar da muka sallami gaurakar nan ba. Lokacin ina sabuwar ma'aikaciya a wani ɗan asibitin dabbobi a Gwarzo, shekarun da aka fara Shari'a, ga tsuke bakin aljihu: kwabar magani babu komai sai aidin da auduga.

An tsinto tsuntsuwar ne a tsakar wani gidan giya da aka rufe. Mai gidan ya yanke mata gashin fiffike don ta zama ado, ƙafarta kuma ta ruɓe inda igiya ta ci. Ƙa'idar aikinmu ita ce a wanke rauni, a ciyar, a jira sabon gashi ya fito, sannan a mayar da dabba daji. Ni na yi jinyarta da gero da fara. Kowace safiya nakan tsaya ina kallon tukkunta, kamar zangarniya a hasken hantsi, ina ƙiyasta yadda za ta keta sama.

Da ta warke, shugabanmu Malam Sabi'u ya ce ba za a sake ta a ɓoye ba. Aka kafa rumfa a bakin fadama wajen Dugabau, aka gayyato wani Darakta daga Kano. Ya yi dogon jawabi kan haƙƙin dabbobi a Musulunci, har da share hawaye. Sannan ya leƙa kejin.

"Tubarkalla! Irinta Hajiyata take ta nema."

Kun san al'ada: babban baƙo ba ya yaba abu ya tafi ya bar shi.

"Ai taka ce, ranka ya daɗe," in ji Malam Sabi'u.

Na ce, "Malam, daji fa za mu sake ta."

"Ke Rahama, gidan Darakta akwai bishiyoyi. Kawo almakashi, kada ta wahalar da Hajiya."

Na ƙi kawowa, sai direban Darakta ya ari wuƙa wajen mai rake, ya sake yanke mata gashin fiffike. Aka tafa, mai hoto ya ɗauka, aka yi addu'a.

Don haka ku sababbin ma'aikata, ku riƙe wannan: ciwon dabba yana jin aidin, amma sha'awar manya ba ta da magani. In tsuntsu ya warke a hannunku, ku buɗe keji kafin labari ya kai ofis.